Sunana a Bakin Inna

Ranar da aka fara maganar a rediyo, ina zaune a ofishin malamai na makarantar da nake koyarwa a Kazaure, ina fama da takardun jarrabawa. Mai karanta labarai ya ce gwamnati ta sa ƙafar wando ɗaya da kamfanin ƙasar waje mai manhajar zumuntar nan da kowa ke amfani da ita. Wai suna kwashe bayanan mutane suna kaiwa ƙasarsu ba da sanin masu su ba, kuma idan ba a daidaita ba ana iya wayar gari a ga an rufe ta. Nan take ofis ya kaure da surutu. Wata malama da ke tallar turaren wuta a manhajar ta dafe ƙirji. Malamin lissafi ya ce ai an taɓa rufe wata a baya, kuma ba wanda ya mutu. Ni ko ɗaga kai ban yi ba, don a ganina ba ni da abin da wani Bature zai sata. Ban san cewa cikin abin da ake cewa an kwashe har da sunana a bakin mahaifiyata ba, sunan da ban taɓa jin ta faɗa ba tunda na zo duniya.

Ni ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ya dame ta. Kunya ce, kuma a gidanmu da ke da jinin Fulani kunyar ta yi kauri ƙwarai. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta goya ni ta tafi da ni Roni, Inna kuwa tana Gwiwa tare da mahaifinmu. Sai an yi hutu nake zuwa, in zauna kamar baƙo a gidan da aka haife ni. In tana son a kira ni, sai ta ce da ƙannena, "Ku ce wa wancan na Roni abinci na nan." Da na girma na fara koyarwa sai na samu ƙarin girma, na koma "Malaminku". Akwai wani mai sarin ƙuli-ƙuli da ke zuwa wajenta, aka yi rashin sa'a sunanmu ɗaya. Shekara da shekaru suna ciniki, amma "bawan Allah" take ce masa, har ya bar sana'ar bai san laifin da ya yi ba.

Ba zan ce ban san tana sona ba. In na buɗe kwanon tuwona nakan tarar da tsokar nama a binne a ƙarƙashi, inda ba wanda zai gani. Amma yaro ba ya ƙoshi da nama kaɗai. Nakan ji ta tana ƙwala wa ƙannena kira daga madafa, wannan da sunansa, waccan da sunanta, tana jan ƙarshen sunan har maƙwabta su ji. Ni kuwa in yi shiru a zaure ina gwada yadda nawa zai fito a wannan murya. Na yi kishinsu, har dukan da ake yi musu na yi kishi, don kafin a doke su sai an kira sunansu.

Waya ta shigo rayuwar Inna ne bayan rasuwar mahaifinmu. Ƙanena da ke aiki a Kano ya sayo mata babba mai shafawa, don ta riƙa jin muryar ƙanwarta da ke aure a Babura, wadda muke ce wa Inna Ƙarama. 'Yar Inna Ƙarama, wadda a wajena ƙanwa ce, tela ce mai wayon waya, ita ta buɗe musu shafi su biyun a manhajar. Inna ba ta karanta boko, amma ta gane hoton 'yar'uwarta, ta kuma gane inda ake dannawa a riƙe a yi magana. Da wannan kaɗai ta fi mu duka cin moriyar abin.

Kallon Inna tana aika saƙon murya abin nishaɗi ne. Sai ta yafa mayafi tukuna, ta gyara zama a kan tabarma, ta riƙe wayar da hannu biyu. "Salamu alaikum," sai ta yi shiru. "Kun wuni lafiya?" sai ta sake yin shiru, ta ɗan karkata kai kamar mai saurare, sannan ta ce, "To." "Ya yara?" Shiru. "To, madalla." Ƙannena su yi ta dariya suna ce mata, "Inna, ba ta jin ki yanzu fa, sai kin gama kin saki." Ita kuwa ta harare su ta ce, "To don ba ta ji sai in gaida mutum in hana shi wurin amsawa? Wace irin tarbiyya ce wannan?"

Akwai abu ɗaya da ta ɗauka game da wayar, wanda ba wanda ya gyara mata, don mu ma ba mu tsaya mun yi tunani a kai ba. A wajenta saƙon murya kamar magana ce ta kan katanga. Ka faɗa, maƙwabciya ta ji, shi ke nan ta wuce. Na taɓa jin ta tana ce wa matata, "Abin da ya sa nake son ta, ba ta da tsegumi. Kin faɗa, an ji, iska ta ɗauke." Saboda haka duk abin da ba za ta iya faɗa a tsakar gida ba, sai ta shiga ɗaki ta faɗa wa 'yar'uwarta.

Wata shekara ina dawowa daga Roni a kan acaɓa, akuya ta gifta mana a gangaren dutse. Abin da na sani ke nan. An ce kaina ne ya bugu, aka kwashe ni zuwa asibiti a Kazaure ban san inda nake ba, har aka fara fid da rai. Da na farfaɗo, matata ta ba ni labarin waɗanda suka zo. Ta ce Inna ta zo daga Gwiwa da kunu a jug, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da nake kwance, ta ce mata, "Ya jikin mai gidan naki?" Ba ta shiga ba. Ta miƙa kunun, ta juya ta fita, ta daɗe ba a san inda ta yi ba. Ranar da na buɗe ido kuwa ta shigo tare da mata, ta ce "Sannu" tana kallon bango. Wallahi na ji zafin abin. Na ce a raina, ashe ko mutuwa zan yi al'ada ce a gaba.

Inna ta rasu bayan girbi, ba ta yi doguwar jinya ba. Ana zaman makoki Inna Ƙarama ta aiko a kira ni ɗakin da take. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Na san abin da ke ranka tun kana yaro. Ka cire shi. Ranar da ka faɗi a mashin, da bakinta ta kira sunanka. Ni na ji da kunnena, a waya ta aiko mini."

Na ce, "Inna, yana ina? Saƙon yana ina?"

Ta ce, "Ayya, ɗan nan. Wayar ai ta faɗa rijiya tun bara."

Wayar Inna kuma ƙanena ya riga ya goge komai na ciki ya ba da ita sadaka tare da tufafinta. Na koma cikin masu karɓar gaisuwa na zauna. Na yi murna da jin ta faɗa, amma na ƙara jin wani sabon rashi, domin abin ya zo har bakin ƙofata ya koma ban gan shi ba. Na haƙura, na bar maganar a matsayin abin da ya tafi tare da ita.

Haka nake har wannan rana ta labarin rediyo. Da surutun ofis ya lafa, malamin kwamfuta ya jawo kujera kusa da ni. Kirista ne mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Na ce masa cikin zolaya, "Wai ni me za su kwasa a wayata? Hoton awakina?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba a wayarka abin yake ba. Wayarka taga ce kawai, leƙawa kake yi. Duk abin da ka aika a manhajar nan, yana can a ajiye a wajensu."

"A can ina?"

Sai ya shiga ba ni labari. Ya ce akwai wasu manyan gine-gine a ƙasashen ƙetare, ba mai kwana a ciki, ba taga, sai na'urori jere kamar buhuna a sito, ana hura musu sanyi dare da rana don kada su yi zafi. Ya ce maganar da ka yi a nan takan hau ƙarfen sabis, ta bi waya ta gangara kudu har bakin teku, ta shiga wata igiya da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa, ta ɓulla a wata nahiya, a ajiye ta, sannan ta juyo ta zo wa wanda ka aika wa. Duk wannan kafin ka sauke hannunka daga kunne.

Na ajiye jan biro. Ni da ko teku ban taɓa gani ba, aka ce mini gaisuwar Inna ta ratsa ƙarƙashinsa. Tsakanin Gwiwa da Babura tafiya ce da mutum zai yi ya dawo a yini, amma "kun wuni lafiya" ɗinta sai da ta je bangon duniya ta dawo. Na ce masa, "To idan wayar ta faɗa rijiya fa?"

"Ko teku ta faɗa. In dai ba a goge daga shafin ba, kuma akwai wanda ya san lambar sirrin shiga, yana nan."

"Idan kuma aka rufe manhajar?"

Ya ɗaga kafaɗa. "To, abin yana can, amma an toshe tagar."

Na ba shi labarin Inna a taƙaice. Ya kalle ni ya ce, "Ni mamata kiran sunana take yi har ya ishe ni. Malam, tashi ka buga waya."

Na fita bayan aji na kira ƙanwata tela a Babura. Na same ta cikin tashin hankali, tana ta sauke hotunan ɗinkunanta, don rabin masu kawo mata ɗinki, har da na tsallaken iyaka masu biya da sefa, ta manhajar suke samun ta. Na tambaye ta ko tana tuna lambar sirrin tsohon shafin mahaifiyarta. Ta ce ita ta buɗe shi, ai ba za ta manta ba, sai dai tunda wayar ta faɗa rijiya aka buɗe wa tsohuwar sabo, ba wanda ya sake waiwayar wancan. Ta ce in ba ta lokaci.

Kafin a tashi daga makaranta ta kira ni. "Yaya, komai yana nan. Wallahi komai. Na danna ɗaya na ji Inna ta yi sallama, sai da na jefar da wayar a kan gado." Ta ja numfashi. "Na ga na lokacin da kake asibiti. In turo maka?"

Kafin in amsa sai na jiyo muryar Inna Ƙarama daga bayanta, da ƙarfi: "Kada ki tura! In yana so ya zo da ƙafarsa."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Ko'ina ka zauna maganar rufe manhaja ake yi, a teburin mai shayi, a tasha, a bakin masallaci. Wasu su ce gobe ne, wasu su ce ƙarya ce, barazana ce kawai. A rediyo na ji wani jami'i yana bayani, yana cewa mutanenmu suna ba da sirrinsu ba su san ana ajiyewa ba, kuma wanda bai san ana ajiye maganarsa ba, ba za a ce ya yarda ba. Da a da ne da na ce surutun 'yan boko ne. Yanzu kuwa sai na ga Inna zaune da mayafinta, tana cewa iska ta ɗauke. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, kuma a kan mahaifiyata ya faɗe ta. Matar da ta yi shekaru tana riƙe harshenta a gaban 'ya'yan cikinta, an ɗauki maganarta an adana a gidan waɗanda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba.

Amma kuma ga ni ina roƙon Allah kada a rufe kafin in isa. Wannan ɗaukar da aka yi ba da saninta ba, ita ce kaɗai ta rage mini muryarta. Na rasa ko haushin mutanen zan ji ko godiya zan yi musu. Wani abin kuma ya fi wannan damuna. Ba don ni ta faɗa ba. Idan na je na saurara, me ya raba ni da mai laɓe a bayan ɗaki? Na yi ta juya wannan har matata ta gaji da ganina ina zagaye tsakar gida. Ta ce, "Malam, ka je. In bai kamata ka ji ba, 'yar'uwarta ta fi ka sanin haka, za ta hana ka. Amma in ka zauna aka rufe, ni za ka dama da tsaki har ƙarshen rayuwarmu."

Ranar Asabar na shiga mota. Damina ce ta yi kyau, duwatsun Kazaure sun yi kore, gero ya fara fid da kai. Hanyar nan na bi ta ba adadi, amma ran nan idona ba ya kan gonaki, yana kan ƙarafan sabis. Ɗaya a bayan Achilafiya, wani can nesa a tsakiyar dawa, wani a shigar Kanya Babba, jan fenti da fari, ba kowa a gindinsu sai awaki. Da can ban ɗauke su komai ba. Yanzu sai nake ganin sararin da ke saman gonakin nan cike yake da maganar mutane tana kai da kawo, gaisuwa da ciniki da faɗa da albishir, ba mai gani, tsuntsaye na ratsawa ta ciki abinsu. Na ce Allah mai iko, wanda ya ba ɗan Adam wannan sani. Sannan na tuna cewa wani mutum a ofis yana iya sa hannu a takarda duk wannan ya tsaya cik, sai na ƙara jin tsoron abin. Direba ya tsaya ɗaukar buhunan gawayi, na ji kamar in sauka in taya shi lodi don mu yi sauri.

Na isa Babura da hantsi. Na durƙusa na gaida Inna Ƙarama, aka kawo fura, aka tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi gaggawa ba, ni kuma ban isa in yi ba. Sai da na sha furar ta ga ƙasan kwanon, sannan ta gyara zama.

Ta ce, "Tun ranar da yarinyar nan ta buɗe abin nan ban yi barcin kirki ba. Yayata ba don kai ta yi maganar nan ba. Da ta san ana ajiyewa, ko da wuƙa a wuyanta ba za ta faɗa ba, ka san halinta."

Na ce, "Na sani, Inna."

"Na so in ce a goge. Sai aka ce mini wai ko an goge a nan, ba a da tabbacin an goge a can. Wai wasu mutane ne can da ba su san ta ba, ba su san uban da ya haife ta ba, suke riƙe da ita." Ta girgiza kai. "To na ce in dai bare na riƙe da abu, ban ga dalilin hana mai shi ba. Sunanka ne. Amma sau ɗaya ta faɗa, sau ɗaya za ka ji. Ba za a tura maka ba, balle ka riƙa kunnawa a gaban 'ya'yanka kana tona mata asiri. Ka yarda?"

Na ce na yarda. Ban ji ta ƙware ni ba ko kaɗan.

Ƙanwata ta kawo wayar, sai sabis ya ce bai san zancen ba. Babura kusa da iyaka take, wani lokaci waya takan bar layin gida ta kama na Nijar, wani lokaci ta rasa duka biyun. Ta danna saƙon, wata 'yar da'ira ta shiga juyawa a kan gilashin, ta yi ta juyawa. Na ce, "Ko sun rufe ne?" Ta ce, "Haba Yaya, sabis ne, zo mu je bayan gida." Muka zagaya wajen rumbu, inda ta ce nan ne yake kamawa in an ɗaga hannu. Ta ɗaga wayar sama tana juyawa a hankali, ni kuma ina tsaye ina kallon da'irar nan, ina tunanin ginin nan mai sanyi, da igiyar da ke kwance a ƙarƙashin teku, da tsawon hanyar da Inna za ta biyo kafin ta iso gindin rumbun nan. Can sai da'irar ta tsaya.

Ƙanwata ta miƙo mini wayar, ta nuna mini inda zan danna, ta koma cikin gida. Na ji Inna Ƙarama tana kora yara waje. Na zauna a kan wani turmi da aka kife, na ce bismillahi, na danna, na kara a kunne.

Abin da na fara ji ƙarar mashin ce, da wani mai rake yana talla, da tsuntsaye. Na gane wurin, gindin darbejiyar da ke bayan asibitin ne. Sannan ta yi magana.

"Salamu alaikum."

Shiru. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Muryar ce sak, da ɗan kaushin nan nata, kamar tana bayan rumbun.

"Kun wuni lafiya?" Shiru. "To."

Ko a wannan hali sai da ta yi gaisuwa. Sannan muryar ta sauya, ta yi ƙasa.

"Ina asibiti ne a Kazaure. Yaron nan ne ya faɗi a mashin. Na gan shi daga bakin ƙofa, an naɗe masa kai, ba ya motsi. Matarsa tana ciki, surukai suna ciki. Na kasa shiga." Na ji tana jan hanci. "An ce wai in aka kira mutum da sunansa yakan ji, ko ya yi nisa. Kowa ya kira shi, bai amsa ba. Na buɗe baki in kira, bakin ya ƙi. Ni na haife shi, amma bakin ya ƙi."

Mai raken ya sake wucewa da tallarsa. Na ji ƙarar mayafinta a jikin wayar, kamar tana waige-waige.

"Ba kowa a nan. Bari in kira shi a nan wajenki, tunda iska ce za ta ɗauke."

Sai ta kira sunana.

Ba zan rubuta shi a nan ba. Sunan da na ji a bakin malamai da ɗalibai da 'yan tasha har ya zama kamar ba nawa ba, shi ne ya fito sabo fil. Ba ta ƙwala shi kamar yadda take yi wa ƙannena ba. A hankali ta faɗe shi, ta ɗan ja ƙarshensa, kamar mai taɓa abin da take tsoron ya fashe. Duk yadda na yi ta gwadawa a zaure ina yaro, ban taɓa kusantar yadda yake ba.

Daga nan ta yi shiru. Na duba gilashin, saƙon bai ƙare ba, yana tafiya. Tsuntsaye na kuka a darbejiya, mashin ya wuce. Sai na gane abin da take yi. Ta bar mini wurin amsawa.

Na ce, "Na'am, Inna."

"To," in ji ta.

Saƙon ya ƙare a nan.